Tambaya da Amsa: Banki ya ce gidan da za mu saya yana yankin ambaliya, ina mafita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka, ni da maigidana mun samu gida za mu saya da bashin banki, har an kusa sa hannu sai bankin ya aiko wai gidan yana yankin AE dole sai mun yi inshorar ambaliya daban bayan inshorar gida da muka riga muka yi, kuma kuɗin da ejan inshora ya faɗa wallahi ya ɗaga mana hankali. Mai gidan ya rantse ruwa bai taɓa shiga ba, maƙwabcinsa na tsallaken titi kuma an ce yana yankin X ba wanda ya tilasta masa komai. Dan Allah wannan ba cuta ba ce? Akwai yadda za a cire mu?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa a shiga a sa'a. Bankin bai cuce ku ba, doka ce ta ɗaure shi. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ɓarnar ambaliya, shi ya sa tun 1968 gwamnatin tarayya ta kafa shirin inshorar ambaliya na ƙasa, NFIP, wanda FEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta tarayya, ke riƙe da shi, a 1973 kuma aka yi dokar da ta ce gidan da ke yankin haɗari babba, in dai bashinsa ya fito daga bankin da gwamnatin tarayya ke sa wa ido ko take tsaya masa, to sai da inshorar ambaliya. In kun ƙi yi ko kun bari ta mutu, bankin zai sayo da kansa ya ɗora muku kuɗin, kuma galibi tasa ta fi tsada.

Su waɗannan haruffan, AE da X, daga taswirar ambaliya ta FEMA suke, X kuwa na nufin wajen yankin haɗari babba. Duk wanda ya fara da A, irin AE ɗinku, ko V na bakin teku inda igiyar ruwa ke duka, ana nufin kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ambaliya ta kai wurin. Mutane suna jin ana cewa ambaliyar shekara 100 sai su ɗauka sau ɗaya take zuwa a ƙarni, a'a, tana iya zuwa bana ta dawo baɗi, kuma in kika tara wannan kashi 1 ɗin a shekara 30 na biyan bashin gida zai kai wajen kashi 26 cikin 100, kin ga ba ƙaramin abu ba ne. Rantsuwar mai gida kuwa, shekarun da ya zauna kawai ya sani. Dokar Texas ta wajabta masa ya rubuta a takardar bayanin gida ko ruwa ya taɓa shiga gidan ko shi ya taɓa karɓar kuɗin inshorar ambaliya, ku karanta wannan takardar da kyau, ku kuma leƙa gindin bangon gareji ko akwai layin da ruwa ya bari ko sabon fenti a ƙasa-ƙasa kaɗai.

To ga abin da nake so ki riƙe. Taswira ita ke cewa dole ne ko ba dole ba, amma yanzu ba ita ke yanka farashi ba. Tun Oktoban 2021 FEMA ta shigo da tsarin Risk Rating 2.0, wanda ke duba gidan shi kansa, nisansa da ruwa, tsayin daɓen farko daga ƙasa, irin harsashinsa, nawa za a kashe a sake gina shi, da irin ambaliyar da ke barazana gare shi ko ta kogi ce ko ta teku ko ta ruwan sama mai yawa. Saboda haka gida biyu a layi ɗaya kuɗinsu na iya bambanta sosai.

Abu na farko da za ku yi, ku tambayi mai gidan ko yana da inshorar NFIP mai rai. In yana da ita ana iya mayar da ita sunanku, kuma wannan babbar garaɓasa ce in har yana kan tsohon farashi, don doka ta hana a ƙara wa yawancin gidajen da masu su ke zaune ciki fiye da kashi 18 cikin 100 a shekara, alhali in kuka buɗe sabuwa cikakken farashi za a ɗora muku tun ranar farko. Sannan ku sa ejan ya nemo muku farashin kamfanoni masu zaman kansu, bankuna suna karɓar tasu in ta cika sharuɗɗa. Ku tambaya kuma ko an sa muku ragin da ake ba garuruwan da ke cikin tsarin CRS, wato tsarin saka wa garuruwan da ke ɗaukar ƙarin matakan rage ambaliya, yana kamawa daga kashi 5 har 45 cikin 100 gwargwadon matsayin garin. In kun yarda ku ɗauki kaso mafi yawa daga aljihunku ranar da ɓarna ta faru kuɗin shekara zai ragu, amma kar ku zaɓi adadin da ba za ku iya fitarwa ba.

Maganar cirewa, eh akwai. Sai ku ɗauki safiyo mai lasisi ya auna, in ya nuna ƙasar da ke jikin ginin ta kai ko ta wuce tsayin da FEMA ta ce ruwa zai kai, sai ku nemi takardar LOMA, wato takardar FEMA da ke cire gida daga yankin haɗari a taswira, FEMA ba ta karɓar kuɗi a kanta, safiyon kawai za ku biya. In ta fito dokar tilas ta sauka a kanku, kodayake bankin na da ikon ya ce shi dai yana so.

Amma dan Allah Hajiya ko an cire ku kar ku zauna haka. Ku da ke Houston kun fi ni sanin guguwar Harvey ta 2017, gidaje masu ɗimbin yawa da ruwa ya cinye a wajen yankin haɗarin suke a taswira, masu su da yawa ba su da inshora don an ce musu ba dole ba ne, rashin matsa wa maƙwabcin nan na X ba ya nufin ya tsira. Ki kuma sani NFIP iyakarta dala 250,000 ce a gini da dala 100,000 a kayan ciki, kuma na kayan daban ake sayensa, banki kuwa ginin ne damuwarsa, in ba ki nema ba gado da kujeru da suturarku ba sa ciki.

TAMBAYA: Malam ni haya nake a Amurka, wannan ya shafe ni?

AMSA: Ya shafe ka ɗan'uwa, inshorar mai gida ba ta biyan kayanka. Kana iya yin ta kaya zalla a NFIP, sai dai ka yi da wuri don sai ta kwana 30 kafin ta fara aiki, in ka bari sai an sanar da guguwa na tafe ka makara.