Yadda Muke Ciyar da 'Yan Raguna a Mai Wurno

Assalamu alaikum, ƙanena. Ka tambaye ni ko wani magani muke ba ragunan Sudan har suke yin wannan girma, tun da ka sayi irinsu a Katsina amma 'ya'yan da aka samu ba su kamo ƙafar ubanninsu ba. Babu wani magani. Iri yana da nasa rabo, domin Hamari da Kabbashi na Kordofan tumaki ne masu dogon ƙashi tun asali, amma babban abin da ya raba mu da ku shi ne lokacin da ake kashe wa dabba kuɗi. Ku sai saura wata biyu Babbar Sallah kuke ɗaure ƙosasshen rago a turke ku yi ta dura masa dusa, mu kuwa abinci mai tsada ɗan rago muke ba wa, tun yana bin uwarsa.

Kakanninmu da suka yi hijira suka zauna a nan Mai Wurno, kusa da garin Sennar na Sudan, bayan yaƙin Burmi na 1903 da Turawan Ingila suka yi da Sarkin Musulmi Attahiru, manoma ne, kuma zama kusa da gonakin ban-ruwa na Jazira ya sa zuriyarsu suka saba da shuka wa dabba abincinta. Muna da barsim, koriyar ciyawa mai gina jiki wadda ake yanka ta sake tohowa, da abu sab'in, wata dawa da ake nomawa don ganyenta, da ambaz, wato tunkuzar gyaɗa ko ta riɗi da ke saura bayan an matse mai.

Dalilin wannan tsari shi ne, ɗan rago yana bukatar abu biyu da ba sa maye gurbin juna. Hatsi da dusa suna ba shi ƙarfi, furotin kuma shi ke gina tsoka a lokacin da ƙashi yake miƙewa. Wanda aka yaye yana bukatar furotin kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari na busasshen abincinsa, sai ya doshi girman yanka bukatar ta sauko wajen kashi 12 zuwa 14. To, ka duba abin da ake zuba masa a yawancin gidajenku da rani: karan dawa da ƙyar yake kai kashi 5, alhali ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa a tumbinsa suna bukatar wajen kashi 7 kafin su yi aiki sosai. Shi ya sa za ka ga ciki ya tashi, gadon baya kuwa ƙashi ne zalla. Ƙwayar dawa tana da wajen kashi 10, dusar alkama kusan 16, tunkuzar gyaɗa kuwa ta haura 40, saboda haka ɗan dunƙulen tunkuza yana gyara kwano guda na hatsi. Akasin haka ma asara ce, domin idan aka cika masa tunkuza babu isasshen hatsi, jikinsa zai ƙone furotin ɗin a madadin hatsin, kuɗinka ya fita ta fitsari.

Dakashi muke fara tabbatarwa ya sha a ranar haihuwa. Daga mako na biyu ko na uku sai mu kewaye wani lungu mai ƙaramar ƙofa wadda uwa ba za ta iya shiga ba, mu ajiye barzajjen hatsi da ambaz da ɗan barsim, domin wannan tsince-tsincen ne ke sa tumbi ya fara aiki kafin yaye. Angurya ba ma ba ƙanana sai tumbin ya ƙosa, saboda tana da guba da ke cutar da su.

A ganina ba ku da uzurin rashin barsim. Harawar wake da ta gyaɗa, idan an busar da su a inuwa ganyen bai kakkaɓe ba, suna yin kusan aikinsa, kuma suna ɗauke da sinadarin ƙashi da dusa ba ta da shi da yawa. Wannan yana da muhimmanci, domin ragon da ya dogara da dusa da hatsi kaɗai yakan yi tsakuwa a mafitsara har fitsari ya tsaya masa. Ka riƙa ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, kada ka zuba da yawa rana ɗaya tumbi ya yi tsami ya kwantar da shi. Ka kuma tsare su daga tohon dawa bayan yanka ko bayan fari, gama yana kashe dabba nan take. Maganin tsutsar ciki kuwa ka ba su da damina kafin ka ƙara musu abinci, ka ajiye gishiri da tsabtataccen ruwa inda bakinsu zai kai.