Amsa kan gwajin jini ga mutanen gidan mai kuturta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin ce an tabbatar wa surukinki da kuke gida ɗaya cutar kuturta, kina kuma tambaya ko gwajin jini zai fayyace wanda ya kamu a cikinku. Allah ya ba shi lafiya. Na shafe shekaru a aikin duba iyalan masu wannan lalura a cikin birnin Kano, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, jini kaɗai ba ya yanke hukunci.

Idan ƙwayar kuturta ta shiga jiki, galibi ta hanci bayan doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba, garkuwar jiki tana gane wasu sinadaran furotin na ƙwayar, sai ta mayar da martani ta hanya biyu. Wani jikin yakan tura fararen ƙwayoyin jini su yi wa cutar ƙawanya, shi ya sa mai irin wannan garkuwa ko dai ba ya kamuwa, ko kuma tabonsa ba ya wuce biyar. Wani jikin kuwa yakan zuba sinadaran kariya masu yawa cikin jini, amma ba sa iya cim ma ƙwayar, domin tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin halittar fata da jijiyoyi. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki ke nan: wanda jininsa ya fi nuna alama sau da yawa shi ne wanda cutar ta fi yi wa yawa, mai tabo ɗaya kuma gwajin kan tsallake shi. Lafiyayyen da ya zauna da mara lafiya ma jininsa na iya nuna alama alhali ba zai taɓa kamuwa ba, tunda kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu yana kawar da ita.

Saboda haka mu fata muke dubawa, a fili cikin hasken rana, mu goga auduga a kan duk tabon da ya kwashe launi, mu ga ko mutum yana ji. Ƙwayar tana da nawa ƙwarai, takan kai shekara 5 kafin ta bayyana, wani lokaci har 20, don haka dubawa ɗaya ba ta wadatar.

Ku je asibitin masu kuturta na Yadakunya da ke Kano gaba ɗayanku, har da yara. Maganin surukinki kyauta ne, na wata 6 ko 12, kuma da ya fara sha yaɗuwar ta tsaya, babu dalilin ware masa kwano. Ki kuma tambaye su ko suna ba da rifampicin, maganin rigakafi na sha sau ɗaya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ba makusantan mara lafiya tun 2018.