Kafin ka karɓi aikin babban banki, duba sunan da ke kan takardar

"Malam, shekara biyu ke nan ina koyon aikin akanta a hannunka. Yanzu wani babban banki ya kira ni aiki a reshensa na nan Sakkwato. In tafi?"

Ɗana, kafin ka tambayi albashi, duba sunan da ke saman takardar ɗaukar aikin. Da yawa cikin masu zama kan kanta, wato teburin karɓa da biyan kuɗi, ba banki ne ya ɗauke su ba, wani kamfani ne ya ɗauke su ya turo. Aiki ɗaya, albashi daban, ƙarin girma babu, sallama kuma ba ta da wuya.

In sunan bankin ne, akwai romo. Albashi ba ya makara, akwai kuɗin asibiti, fansho kuma dokar 2014 ta ce a cire maka kashi 8 cikin ɗari, su zuba aƙalla 10, a asusun da zai bi ka ko ka bar su. Yi amfani da zaman ka rubuta jarrabawar ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci, ko ta CIBN, ƙungiyar ƙwararrun ma'aikatan banki.

Wuyar tana ga masu zama kan kanta. Ƙarfe huɗu ake rufe wa jama'a ƙofa, amma ba ka tashi sai kuɗin akwatinka sun yi daidai da abin da kwamfuta ta nuna. In an samu giɓi, kai za ka cike. Yawanci daga ɗauri yake fitowa: ɗan kasuwa ya sauke buhun kuɗi, layi ya kai bakin ƙofa, sai ka ƙirga ɗauri ka bar takardun ciki. Kwance kowane ɗauri ka sa a inji, ko na wa ne. Lambar sirrinka kuwa ko manaja kada ka ba, duk abin da aka shigar da ita kai ka shigar.

In sashen neman kwastoma aka kai ka, za a ɗora maka adadin ajiyar da za ka kawo, ka wuni bin dillalan albasa da na shanu a kasuwar Kara. Kuɗinsu ba sa kwana, yau sun shigo, gobe an kwashe an sayi kaya, ƙarshen wata a ce ba ka cika ba.

Girman banki kuma ba ya hana kora. A 2005 bankuna 89 suka koma 25, kuma in biyu suka haɗe, rassa biyu a titi ɗaya sai an rufe ɗaya.

Batun kuɗin ruwa, na san shi gida za su fara tambayarka. Akwai bankunan Jaiz da TAJBank da ba sa mu'amala da shi. Kawo takardar gobe bayan La'asar mu karanta tare.