Mu da zari-rugar 'yan jami'a a Kolombus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan gida duka lafiya. Ka tambaye ni me ya sami ɗanka da ya cika Facebook da cewa a kori wani bature daga aiki, kuma me ya haɗa dattijan Hausawa masu furfura da wasan yaran makaranta har suke tayar da jijiyar wuya a kai. Ka ce ko dai sanyin Ohayo ya taɓa mana kai. Tambayar ta dace, domin daga nesa abin bai yi kama da na masu hankali ba.

Wasan da ake magana ba ƙwallon ƙafar da ka sani ba ce, zari-ruga ce irin ta Amurka. Kuma kada ka ji an ce jami'a ka ɗauka wasan ɗalibai ne a bayan ɗakin kwana. Filin jami'ar Ohio State, wanda aka buɗe a 1922, yana ɗaukar mutum sama da dubu 100, wato ya ɗara babban filin wasa na Abuja nesa ba kusa ba. Kolombus, garin da muke zaune a jihar Ohayo, ba ta da ƙungiya a babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa, Cleveland da Cincinnati ne ke da su, don haka 'yan jami'ar nan, waɗanda ake kira Buckeyes, su ne idon gari. Wasa 12 kacal suke yi daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba kafin a shiga zagayen neman kofi. Ƙungiyar da ke buga 38 a Firimiya tana iya faɗuwa yau ta rama mako mai zuwa. A nan faɗuwa ɗaya tana iya cinye shekara.

Mu Hausawan garin ba mu da yawa. Akwai 'yan zangon Kumasi da Accra, akwai mutanen Maraɗi da Damagaram, sai mu 'yan Najeriya jefi-jefi. Babu wanda ya zo da son wasan nan daga gida. Aiki ne ya koya mana shi, sai yara suka ƙarasa. Mai tuƙa haya ranar Asabar ya san duk fasinjan da zai ɗauka ja da toka ya saka, kuma magana ɗaya ce a bakinsa. Wanda ke aiki a sito ko a asibiti, ranar Litinin idan bai san abin da ya faru ba, haka zai wuni kamar baƙo. Yaran da aka haifa a nan kuwa tun firamare ake shayar da su. Makon wasa da babbar abokiyar gabarsu, jami'ar Mishigan ta jihar da ke arewa da mu, ana bin allunan jami'a da jan salatif ana rufe harafin M, har makarantun yara sukan kwaikwaya. Sai ka ga Musa ko Maryam sun dawo gida an liƙe farkon sunansu, suna ta murna abinsu.

Yadda muke yi ya bambanta da na 'yan gari. Su tun da sassafe suke kafa rumfuna a wuraren ajiye motoci kusa da fili, ga gashin naman alade ga barasa, don haka ba mu cika zuwa can ba. Mu gidan wani Alhaji ɗan Kumasi muke haɗuwa, wanda ya daɗe yana tuƙa tasi kuma yana da babban falo a ƙasan gidansa. Da hantsi a kalli Firimiya, domin wasan ƙarfe uku na Ingila ƙarfe goma yake zo mana. Da sha biyu a juya tasha. Ga wake da shinkafa da shito, ga tukunyar shayin 'yan Nijar tana tafasa a gefe. Idan aka tafi hutun rabin lokaci a shimfiɗa darduma a yi Azahar. Mai suna ko walima ya san kada ya sa ta a Asabar ɗin ƙarshen Nuwamba da rana, idan yana son ganin samari. Abin da dattawa suka hana ƙememe shi ne caca, tun da jihar ta halatta ta a kan wasanni a Janairun 2023 kuma ta shiga wayar kowa.

To, musun. Sai ka fahimci abu biyu kafin ya yi maka ma'ana. Ƙungiya tana da dama huɗu ta matsa da ƙwallo yadi goma, in ta yi a sabunta mata, in ta kasa ta miƙa. Bayan kowace dama wasa tsayawa yake, a sake shiri. Mutumin da ke karɓar ƙwallo a kowane farawa, ya jefa ko ya miƙa wa mai gudu, shi ne kwatabak. Amma ba shi yake zaɓar abin da za a yi ba. Koci ne ko mataimakinsa ke faɗa masa, kuma tun 2024 har rediyo aka yarda a sa masa cikin kwalkwali. Kocin ƙwallon ƙafa yana tsara mutanensa ya koma gefe yana ihu. Wannan kuwa hannunsa na cikin kowane motsi, sau sittin ko saba'in a wasa ɗaya. Shi ya sa idan aka faɗi, tambayar kullum ɗaya ce: umarnin ne ba daidai ba, ko yaron ne ya kasa zartarwa?

Baturen da ɗanka ke neman a kora sunansa Ryan Day. Ya karɓi ƙungiyar a 2019, ya lallasa Mishigan 56 da 27 a shekararsa ta farko. A 2020 annobar korona ta hana wasan. Daga nan sai ya faɗi sau huɗu a jere: 42 da 27 a 2021, 45 da 23 a 2022, 30 da 24 a 2023, sai 13 da 10 a 2024. Ban da waɗannan, da ƙyar ake cin sa. Ya gama kakar 2024 da nasara 70, faɗuwa 10. A wani wuri gunki za a sassaƙa masa. A nan kuwa gaba da Mishigan, wadda aka fara tun 1897, ita ce ma'auni. Wani tsohon kocinsu, John Cooper, ya ci wasanni da yawa a shekarun 1990, amma sau biyu kacal ya doke Mishigan cikin karo 13, kuma da wannan ake tuna shi har yau. Waɗanda suka biyo shi suka ɓata mutane da daɗi: Jim Tressel ya ci tara cikin goma, Urban Meyer ya ci bakwai bai faɗi ko ɗaya ba.

Wasan 2023 ne ya raba falon Alhaji gida biyu. Kwatabak ɗin lokacin, Kyle McCord, ya ci wasa 11 a jere kafin ranar. A Mishigan sau biyu aka cafke ƙwallonsa, ɗaya tun farkon wasa wadda ta jawo aka ci su, ɗaya a ƙarshe ana saura daƙiƙoƙi, wadda ta rufe zance. Samari suka yi caa. Ɗanka na cewa, cikin Turancinsa, yaron nan da an matso shi sai ƙafarsa ta rikice, a ba na bayansa. Wani bawan Allah ɗan Maraɗi, wanda ba ya cika magana, ya ajiye kofin shayi ya ce, "Ku ji tsoron Allah, ɗan mutane ne. Shi ya hana su gwadawa kafin hutu?" Abin da yake nufi, ana dab da tafiya hutu ƙungiyar tana buƙatar yadi biyu a dama ta huɗu, sai Day ya bar agogo ya ci lokaci, ya sa a buga ƙwallo daga yadi 52 don neman maki uku, ta kuma baude. Alhali kocin riƙo na Mishigan, Sherrone Moore, sau uku ya yi kasada a dama ta huɗu kuma duk ya dace. Alhaji ya buga cinya ya ce shi ke nan magana, wancan ya zo cin wasa, namu ya zo gudun abin kunya.

Abin da na lura, kuma har yanzu haka yake, manyanmu sun fi tausaya wa yaron su ɗora wa koci, yaranmu kuwa ba su da sassauci ga kowa. Manya suna ganin saurayi ɗan shekara 21 da ake zagi da sunansa a gidan rediyo da intanet, sai su tuna nasu 'ya'yan. Yara suna cewa ai biyansa ake yi. Kuma ba ƙarya suka yi ba: tun 2021 an yarda ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗin talla da sunansa, har shugaban wasannin jami'ar ya ce 'yan wasan 2024 sun samu kusan dala miliyan 20 gaba ɗaya. Wanda ya karɓi kuɗin babba, in ji su, ya shirya ɗaukar zagin babba.

Masu son a sa na benci suna da hujjar da ba ta tsufa. A 2014 kwatabak na farko, Braxton Miller, ya ji ciwo kafin a fara kaka, na biyu, J.T. Barrett, ya karye a wasan Mishigan, sai na uku, Cardale Jones, ya shigo ya ci Wisconsin 59 da nema, ya ci Alabama, ya ci Oregon, ya ɗauko kofin ƙasa. Ga kuma Joe Burrow, wanda ya gaji da jira ya tafi jami'ar LSU a 2018, shekara ta gaba ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon 'yan wasan jami'o'i da kofi. Tun daga nan duk wanda ke zaune a benci gwarzo ne a idon mutanen garin nan, muddin bai shiga fili ba.

McCord ya tattara ya koma Syracuse a Disamban 2023. Na bencin da ake ta kira suka shiga wasan Missouri, aka ci su 14 da 3, ba su kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba. Falon ya yi tsit na ɗan lokaci.

Sai aka ɗauko sabon kwatabak, Will Howard, daga Kansas State, aka kawo Chip Kelly ya riƙa tsara hari. Ranar 30 ga Nuwamban 2024 Mishigan ta zo Kolombus da nasara shida faɗuwa biyar, kowa ya gama lissafi. Ƙarfin Mishigan a shekarar yana tsakiyar layin tsaronta, inda ƙarti biyu, Mason Graham da Kenneth Grant, suka tokare. Ƙarfinmu kuwa masu kama ƙwallo ne a gefe, musamman wani sabon yaro, Jeremiah Smith. Amma aka yi ta tura mai gudu ta tsakiya, yana cin karo da bango, a sake, a sake. Gudu 26 ya ba da yadi 77. Howard ya zubar da ƙwallo biyu, mai bugun maki uku ya ɓarar da biyu na kusa, bayan hutu ko maki ɗaya ba a samu ba. Da aka tashi 'yan Mishigan suka zo kafa tutarsu a tsakiyar fili, dambe ya kaure, sai da 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa. A ranar nan ɗin dai McCord ya jagoranci Syracuse ta doke Miami 42 da 38, kuma ya gama kakar babu wanda ya kai shi yawan yadin jifa a duk ƙasar. Ɗan Maraɗi bai ce uffan ba, wayarsa kawai ya zagaya da ita yana nuna wa samari ɗaya bayan ɗaya.

In ka tambaye ni, da manya nake. An canza yaro, an canza mai tsara hari, an zuba kuɗi, aka sake faɗuwa da ciwo iri ɗaya, wato ɗari-ɗari da son a nuna wa Mishigan ƙarfin ƙashi maimakon a yi abin da aka iya. Wanda bai canza ba shi ne mai wuƙa da nama. Sai dai ban bi ɗanka zuwa batun kora ba, balle inda wasu 'yan gari suka kai, har sai da aka sa masu gadi a gidan mutumin saboda barazana ga iyalinsa. Alhaji da kansa, da ya fi kowa sukar Day, ya tsawata wa samari a kan haka, ya ce wasa bai kai a tsorata matar mutum da 'ya'yansa ba.

Abin da ya biyo baya ya ƙara dagula musun maimakon ya kashe shi. A shekarar ne aka faɗaɗa zagayen kofi zuwa ƙungiya 12, don haka faɗuwar ba ta fitar da su ba. Suka saki hannu suna jifa, suka ci Tennessee 42 da 17, Oregon 41 da 21, Teksas 28 da 14, sannan ranar 20 ga Janairun 2025 a Atlanta suka doke Notre Dame 34 da 23. Howard da aka gama zagi shi aka zaɓa gwarzon masu kai hari, kuma jifan da ya rufe wasan na yadi 56 ne zuwa ga Smith ɗin da aka manta da shi ranar Mishigan. Magoya bayan Day suka ce to, kun gani. Masu suka suka ce mun gani, ai abin da muke ta faɗa ke nan, da ya yi haka tun Nuwamba.

Ɗanka ya goge rubuce-rubucensa ya sayi rigar kofi. Jami'a ta tsawaita wa Day kwantiragi zuwa 2031 a kan dala miliyan 12.5 duk shekara. Alhaji ya ce kofi kofi ne, amma bashi huɗu na nan. A Nuwamban 2025 an biya ɗaya, 27 da 9 a gidan Mishigan, da sabon kwatabak, Julian Sayin. Mako guda bayan haka Indiana ta ci su 13 da 10 a wasan ƙarshe na rukuninsu, mai bugu ya sake ɓarar da ta kusa, kuma rubutun da ka gani kwanan nan na wannan ne: yanzu ɗanka ya dawo kan batun kora, so yake a faɗa masa dalilin da koci mai wannan albashi ya kasa nemo wani mai bugun.