Me ya haɗa zuciyar ɓera da garkuwar jikin mutum?

Tambaya: Likita, 'yata tana karatun likitanci a Idi-Araba. Ta ce bincikenta a kan cuta mai karya garkuwar jiki ne, amma kullum zancenta auna bugun zuciyar ɓeraye. Ina ruwan biri da gada? Daga wata uwa a Agege, Legas.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, 'yarki ba ta saki hanya ba.

Ƙwayar HIV ba ta kama ɓeran gida. Shi ya sa masana ke amfani da wani irin ɓera da ake haifa ba shi da cikakkiyar garkuwar jiki, wanda Melvin Bosma da abokan aikinsa suka ba da labarinsa a 1983 a birnin Filadelfiya na Amurka. Tun 1988 ake dasa wa irin waɗannan ɓeraye ƙwayoyin garkuwar ɗan Adam, jikinsu ya karɓa bai ture ba, daga nan sai a iya sa musu cutar a gwada magani.

To ina zuciya ta shigo? Yau mai shan maganin HIV a kan kari yana iya kaiwa tsufa, amma ƙwayar kan bar wani kumburi a ɓoye cikin jijiyoyin jini, har haɗarin ciwon zuciya ya kusan ninka na sauran mutane. Wasu magungunan ma kansu na taɓa zuciya. Dole a gano wannan a jikin dabba kafin a kai ga mutum.

Aikin kuwa ba wasa ba ne. Zuciyarki na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, ta ɓera sau 500 zuwa 700. Kina damƙe shi da hannu tsoro zai ƙara mata gudu, in aka shaƙa masa maganin barci kuma ta ragu, duk awon ya gurɓace. Saboda haka ake yi masa ƙaramar tiyata a saka na'ura 'yar mitsitsiya cikin ciki ko ƙarƙashin fata, da siraran wayoyi biyu a ƙirji. Bayan ya warke, yana cikin kejinsa yana gwaguyar abinci, na'urar na aika bugun zuciyarsa zuwa kwamfuta dare da rana. A ganina wannan ya fi tausayi ga dabbar, kuma shi ke ba da sakamakon da za a yarda da shi.

Sai dai abin da aka gani a ɓera mafari ne kawai, hukunci na ƙarshe daga gwajin mutane yake fitowa. A 2023 babban binciken REPRIEVE ya nuna maganin rage kitsen jini, pitavastatin, ya rage manyan matsalolin zuciya da kashi 35 cikin ɗari ga masu ɗauke da HIV. Duk wanda kika sani yana karɓar magani, ya roƙi a riƙa auna masa hawan jini da kitsen jini a asibitin da yake zuwa, kuma kada ya daina shan maganinsa sai da izinin likitansa.