Kai ma LVGL ta kama ka ke nan

Ka ce ka sauko da LVGL, laburaren kod ɗin nan na zana madannai da rubutu kan allon ƙananan na'urori, ka zo yin kompayil na misalanta sai jan rubutu ya cika maka allo, wai Oga mi zan yi. To buɗe idonka yaro. Fayil ɗin lv_conf_template.h za ka kwafa, ka sa mashi suna lv_conf.h, ka aje shi gefen foldar lvgl ba cikinta ba, can sama akwai #if 0, ka mai da shi 1. Sannan ka nemo LV_USE_DEMO_WIDGETS shi ma ka kunna. Kuma ka duba ko ta 8 ka sauko ko ta 9, don ta 9 da ta fito a 2024 sun canza sunaye, lv_btn_create ya koma lv_button_create, ku kuma yaran yanzu sai ku kwaso kod ɗin tsohon bidiyon YouTube ku liƙa ku ce abu ya ƙi. Yadda ake sa kompaila da jona waya kam ba zan koya maka ba, wata nawa ka yi a shagon nan?

Amma wallahi tambayar taka ta fama mani tsohon miki. Wani Alhaji nan wajen Ƙofar Ƙaura ya ba ni aikin allon na'urar famfon sola, guda 12, ƙaramin cip ɗin ESP32 mai sarrafa na'urar da ƙaramin allo mai kala na ILI9341. A kwamfuta na gwada da SDL, mai kwaikwayon allon a kan kwamfuta, komi tas, kamar a lashe. Ina ɗorawa kan allon gaske sai kaloli suka haukace, rubutu ya yi dishi-dishi, madannai wata kala kamar an zuba masu ruwan zoɓo. Na rantse allunan jabu ne. Na hau mota har Kano Sabon Gari na yi wa mai shagon tas gaban mutane, bawan Allah ya ce shi kayan da aka riga aka yi wa solda ba ya amsa, na sake sayen wasu 12 da kuɗin aljihuna. Na dawo Katsina na jona, kalar nan dai ita ce!

Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ashe layi ɗaya ne cikin lv_conf.h na tsohuwar LVGL, LV_COLOR_16_SWAP, mai juya rabi biyun kala. Kalar bit 16 ce, ja 5 kore 6 shuɗi 5, ita kuwa SPI, hanyar da ESP32 ke aika wa allo bayanai, bit takwas-takwas take turawa, to sai rabin baya ya riga na gaba isa. Sifili na mai da 1, shi ke nan fa. Kafin nan Alhaji ya gaji ya ba wani ɗan ƙanensa aikin, ko kuɗin mota bai mai do mani ba, har yau in mun haɗu a ɗaurin aure sai ya riƙa gaishe ni kamar ba a yi ba.

Allunan farko na nan cikin kwalin da ke ƙarƙashin benci, lafiyarsu lau. Ɗauki ɗaya ka gwada, in allo ya tsaya cik bai motsi to ba ka kiran lv_timer_handler, mai sabunta allon, cikin lup ɗinka ne. In ka ba shi wutar da ta fi ƙarfinshi ya ƙone, cikin kuɗin sallarka zan cire.