Amsoshin Tambayoyinku: Kirafish na Miya Daban, na Tafki Daban

Assalamu alaikum Malam. Ina da tafkunan ƙasa guda biyu da nake kiwon tarwada. Na ga bidiyo a TikTok yadda mutanen Sin ke kiwon kirafish a gonar shinkafa suna samun alheri, ga shi a kasuwarmu tiyarsa ta yi tsada. Wani ya ce zai samo mini iri mai rai. In karɓa? Kuma wace cuta ce ke kama su?
*Mai kiwon tarwada, Kura, Jihar Kano*

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka karɓa, ko da kyauta ya ba ka.

Da farko dai, abin da ka gani a waya ba shi ne ake aunawa a tiya ba. Kirafish ɗin da matanmu ke dakawa su zuba a miya ƙananan jatan lande ne, ana kamo su a bakin teku inda ruwan kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri, musamman a yankin Oron na Akwa Ibom da wajajen Kalaba, a banɗa su da hayaƙi, a ɗura a buhu zuwa arewa. Wannan ba zai rayu a ruwan Kura ba. Na bidiyon kuwa wata halitta ce ta ruwa mai daɗi, ja mai duhu, tsawonta kamar ɗan yatsa ko fiye, da manyan hannaye biyu irin na kaguwa. Asalinta fadamun jihar Luwiziyana ne a kudancin ƙasar Amurka. An kai ta Japan a 1927 don a ciyar da manyan kwaɗi da ita, daga can ta shiga Sin ta wajen Nanjin, kuma yau Sin na samar da sama da tan miliyan 2 a shekara, mafi yawa daga gonakin shinkafa irin na Ciyanjiyang a lardin Hubei.

Abin da ya sa kiwonsa ke yiwuwa a can shi ne abin da zai cuce ka a nan. Dabbar haƙa ce. A Luwiziyana manomi kan zare ruwan gonar da zafin bazara, kirafish ya nutse cikin rami ya toshe bakinsa da laka, mace ta riƙe ƙwanta a can ƙasa. Wajen Oktoba a sake cika ruwa, ta fito da 'ya'yanta su yi ta kiwo a kan ruɓaɓɓen karan shinkafa, kamu ya kankama daga Maris zuwa Mayu. To yi tunanin ramukan nan a jikin gaɓar tafkinka. Sannan idan dare ya yi laima, tafiyarsa yake yi a doron ƙasa ya nemi wani ruwan. Kai kuma kana zaune ne a tsakiyar aikin noman rani na Kadawa, ruwan Tiga na bin kwatami daga gona zuwa gona. Ranar da biyu suka faɗa kwatamin nan, babu mai iya tsamo zuri'arsu. Kenya ta saka shi a tafkin Naibasha wajen 1970, ya bi ciyayin ruwa da bado ya cinye. A tafkin Kariba, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, wani nau'in na Ostareliya ne ya tsere, yanzu masunta na ɗago koma su tarar an ci musu kifi tun yana ciki.

Cututtukan da suka fi yi musu ɓarna biyu ne, kuma duka biyun babu magani.

Ta farko ita ake kira annobar kirafish. Wata irin funfunar ruwa ce ke huda ɓawon ta shiga jiki. Wanda ya kamu sai ka gan shi da rana tsaka a fili, alhali dabbar dare ce, yana tangaɗi, ya kife ya kasa juyowa. Na Amurka sun saba da ita, suna yawo da ita lafiya ƙalau. Na Turai kuwa in ta shiga rafi, cikin 'yan makonni ta share su tas. An fara ganinta a arewacin Italiya wajen 1860, ta isa Suwidin a 1907. Da Suwidin ta rasa nata, sai ta shigo da wani nau'in daga Amurka a shekarun 1960 don ya maye gurbi, ashe shi ma ɗauke yake da cutar, ya ƙara rarraba ta. Wannan labarin nake so ka riƙe duk lokacin da wani ya ce maka irinsa lafiyayye ne don ya ga yana motsi.

Ta biyu cutar farin tabo ce, ƙwayar cuta ta bairos ce ke kawo ta. Ta ɓulla a gonakin jatan lande na Asiya a farkon shekarun 1990, aka tabbatar da ita a tafkunan Luwiziyana a 2007. Sunan na yaudarar mutane, domin a jikin kirafish sau da yawa ba a ganin tabon. Abin da manomi ke lura da shi, kamu ya faɗi cikin 'yan kwanaki, manya na mutuwa a cikin tarko ko su yi laƙwas sun kasa tafiya, ƙanana kuma na ta harkarsu. Ba ta kama kifi, saboda haka ba tarwadarka nake ji wa tsoro ba. Kaguwa da jatan landen kogunanmu nake tunani, don duk danginsu tana kamawa.

Ka kuma sani, ba duk mutuwa ce cuta ba. A gonakin can, ƙarancin iska a ruwa idan kara ya ruɓe shi ne ya fi yawan kisa, sai maganin feshi. Ɗan maganin ƙwari da maƙwabcinka zai fesa wa shinkafarsa ya isa ya ƙarar da tafki guda. Darasin da za ka ɗauka daga wurinsu ka yi amfani da shi yau shi ne na kayan aiki: koma, bokiti da takalmin roba da suka shiga tafkin wani, kada su shiga naka sai an wanke su sun bushe ƙayau a rana. Aron jiƙaƙƙiyar koma ya kashe tarwada da yawa a ƙasar nan.

Malam, ina yi maka fatan alheri. 'Yata na karatu a Suwidin. Ta turo mini hoto an gayyace ta wani biki, kowa da hular takarda, an tula jajayen abubuwa kamar kunamu a faranti. Ta ce kirafish ne. Ya halatta ta ci?
*Hajiya, Tudun Wada, Zariya*

Hajiya, Allah ya ba yarinya sa'ar karatu. Bikin da ta je sunansa kräftskiva, a watan Agusta ake yinsa, kuma ya samo asali ne daga zamanin da doka ta hana kamun kirafish sai watan ya kama, shi ya sa ranar buɗe kamu ta zama abin murna. Ana dafa shi da ruwan gishiri da wani ganye mai ƙamshi da suke kira dil, a bar shi ya kwana a cikin romon, a ci da sanyinsa, da hannu, ana tsotsa ana waƙa a ƙarƙashin fitilun takarda. Saboda annobar da na ba da labari a sama, da yawan abin da ke farantin nan daga waje ake sayo shi, daga Sin da Turkiyya da Sifen.

Kowace ƙasa da nata salon. Mutanen Luwiziyana kan tafasa buhu guda a ƙatuwar tukunya da barkono, masara da dankali, a juye a kan teburin da aka shimfiɗa wa jarida, kowa ya tsaya ya murɗe kai ya tsotse, ya ɓare wutsiya. Lokacinsa na dacewa da azumin Kiristoci, sa'ad da 'yan Katolika ke barin nama ran Juma'a. Su crawfish suke cewa, kuma in ka ce crayfish sun san baƙo ne kai. A wasu jihohin crawdad ne, masu raha su ce mudbug, wato ƙwaron laka. A Ostareliya yabby suke kiran nasu. Sinawa na cewa xiaolongxia, suna soya shi da tafarnuwa da yaji mai kashe baki, a ci a bakin titi da daddare lokacin zafi da safar hannu ta leda. Ni dai a ganina wahalar ɓarewar ta fi naman yawa, amma na ga alama hirar da ake yi a kansa ita ce rabin daɗin.

Batun halacci, ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma sananne ne cewa a mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin ruwa halal ne. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, don haka kada ta yi mamaki in ƙawarta 'yar Pakistan ko Turkiyya ta ƙi ci. Abin da ya kamata ta tambaya shi ne romon. Wasu a Suwidin na zuba giya a ruwan dahuwar, kuma bikin kansa na tafiya da shan barasa. In wata rana Amurka ta je, ta duba tukunyar, don sukan jefa tsiren alade a ciki.

Baba, cututtukan nan na kama mutum? Kuma wanda muke saya a kasuwa fa?
*Uwargida, Maraɗi*

A'a 'yata, annobar da farin tabon duk ba sa kama ɗan Adam. Haɗarin da ke akwai na cin ɗanye ne ko wanda bai dahu ba. Kirafish da kaguwar ruwa mai daɗi na iya ɗaukar wata tsutsa da ke zuwa ta zauna a huhu, ta sa tari mai jini har a zaci tarin fuka ne. An ga haka sosai a gabashin Nijeriya a lokacin yaƙin basasa da bayansa, da yunwa ta sa mutane cin kaguwar rafi ba tare da ta dahu ba. Cikakkiyar dahuwa na kashe ta.

Busasshen na kasuwa kuma, shinshina kafin ki biya. In ya yi laushi, ko yana warin funfuna ko na maganin ƙwari, bar musu kayansu. Mai kyau za ki ji shi ƙamas-ƙamas a hannu. Gwamma ki sayi wanda ba a niƙa ba ki tsince yashi da ƙasan da kanki, ki ƙara shanya shi kafin ki daka, ki adana a kwalba mai murfi. In wani a gidan na samun ƙaiƙayi ko kumburin leɓe bayan ya ci miyar da aka sa shi, a daina ba shi. In numfashi ya fara yi masa wuya, a garzaya asibiti nan take.